Sauya Giyar Aksul a Motar Daji: Gyara Ne ko Jawo wa Kai Aiki?

A ƙarƙashin kowace mota mai fowil akwai ƙullutun ƙarfe biyu, ɗaya a aksul ɗin gaba, ɗaya a na baya. A cikinsu difarenshal yake. Aikinsa uku ne. Yana karɓar juyin da farfela ta kawo daga giyabos ya karkatar da shi zuwa tayoyi. Yana rage saurin juyin ya mayar da shi ƙarfi. Yana kuma barin tayar dama da ta hagu kowace ta yi nata gudun idan mota ta sha kwana, tunda tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Wani Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, shi ya yi wa wannan dabara rajista a ƙarshen shekarun 1820, tun ba a ƙera motar fetur ba, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Ƙarfe biyu ne ke rage saurin. Ɗaya babban faifai ne mai haƙora, wato kurawun. Ɗayan gajeren sanda ne mai haƙora a kai, wato finiyan, wanda ke haɗe da farfela. Su ne ake saye a sauya idan an ce an canza giyar aksul. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu, inda masu Jeep da Land Cruiser da Nissan Patrol ke sa wa motocinsu manyan tayoyi don hawan duwatsu da ratsa daji. A garejin Kano da Kaduna da Damagaram da Agadas kuwa maganar takan shigo ta wata ƙofar: mai Hilux ya ƙara girman taya sai ya ga motar ta mutu a hawa, ko aksul ya fashe masa ya shiga kasuwa ya tarar da iri uku masu lamba daban-daban. A nan ra'ayi ke rabuwa. Wasu na ganin sauya giya gyara ne na wajibi, wasu na ganin ɓata abin da kamfani ya riga ya daidaita ne.

Yadda ake lissafin giya

Lambar giya ita ce yawan haƙoran kurawun idan an raba da yawan haƙoran finiyan. Kurawun mai haƙori 41 da finiyan mai 10 suna ba da 4.10, ma'ana sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. A aksul ɗin Toyota mai kurawun inci 8, irin wanda ke bayan Hilux da yawa, ana samun 43 da 10 masu ba da 4.30, da 41 da 9 masu ba da 4.56, da 39 da 8 masu ba da 4.88, da 37 da 7 masu ba da 5.29. Duk sa'ad da lamba ta hau, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru, gudu kuma ya ragu. Mai keke mai giya ya san haka: a hawa yakan mayar da sarƙa kan babban faifan baya, feda ta yi laushi, keken ya riƙa tafiya a hankali, alhali ƙarfin ƙafarsa bai ƙaru da komai ba.

Taya ma tana cikin lissafin, domin ita ce ke taɓa ƙasa. Mai tsayin inci 31 tana juyawa kimanin sau 404 a kilomita ɗaya, mai inci 35 kuwa sau 358. Mota mai lamba 4.10 da tayar inci 31, idan tana gudun kilomita 100 a awa a giya ta huɗu, wadda injin da farfela ke juyawa daidai wa daida, injinta na juyi kusan 2,760 a minti. Da an sa mata tayar inci 35, juyin zai sauko zuwa kimanin 2,450, ƙarfin da taya ke tura ƙasa da shi kuma ya ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari a kowace giya. Idan ana so a mayar da ita yadda take, sai a ninka 4.10 sau 35 a raba da 31, a sami 4.63. Wannan lamba ba ta cikin waɗanda aka lissafa a sama, sai dai a zaɓi 4.56, wadda za ta mayar da juyin 2,720, ko 4.88, wadda za ta kai shi 2,910. Duka ɓangarorin biyu sun yarda da wannan lissafi. Abin da ya kamata a yi da shi ne suke jayayya a kai.

Hujjojin masu goyon baya

Hujjarsu ta farko ita ce wanda ya sa babbar taya ya riga ya sauya giyar motarsa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ya sauya ta ne ta ɓangaren da ke raunana ta. A wurinsu, canza kurawun da finiyan mayar da mota ne kan ma'aunin da aka ƙera injinta a kai. Babbar taya kuwa a hanyar daji buƙata ce. A mota mai aksul miƙaƙƙe, taya ce kaɗai ke ɗaga ƙullutun difarenshal daga ƙasa. Ƙara sifirin jikin mota kawai yake ɗagawa. Daga inci 31 zuwa 35 ana samun ƙarin inci biyu, kusan santimita biyar. A hanyar damina da manyan motoci suka haƙe gefe biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan ɗan tazara na iya raba tsakanin wucewa da kwana a daji.

Suna kuma kafa hujja da kamfanonin kansu. Da Ford ya dawo da Bronco a 2021, nau'in da ya sa wa tayar inci 35 ya ba shi lamba 4.70. Jeep ma da ya fito da Wrangler mai tayar inci 35 daga masana'anta ya haɗa ta da 4.56. Idan injiniyoyin da suka ƙera motar ba su yarda su ƙara taya su bar giya yadda take ba, in ji su, babu dalilin da mai mota zai yi haka.

Sai batun lodi. A-kori-kurar da kullum ke ɗauke da buhunan hatsi, ko durom-durom na ruwa, ko take jan injin haƙa rijiyar burtsatse, tana shan wahalar tashi daga tsaye. Direba kan riƙe kuloci rabi da rabi yana taka totur har motar ta motsa, kuma wannan gogayya ce ke ƙona kuloci kafin lokacinsa. A mota mai giya otomatik wahalar kan koma zafi: man giyabos ya ɗau wuta, giya ta yi ta hawa da sauka a ɗan tudu kaɗan. Lamba mafi girma tana sauƙaƙa tashi, ta kuma sauke wa kuloci da giyabos wani kaso na nauyin.

Hujja ta huɗu ita ce iko da mota a tafiyar sannu. Ana auna wannan ta ninka lambar giya ta ɗaya da ta ƙaramar giyar fowil da ta aksul. A tsohuwar Hilux mai giya ta ɗaya 3.95 da ƙaramar fowil 2.28 da aksul 4.10, jimlar kusan 37 ce, wato injin ya juya sau 37 taya ta juya sau ɗaya. Da 4.88 sai ta kai 44, da 5.29 ta kusa 48. Irin wannan mota tana iya taka duwatsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yi tsalle da ita ba, a gangara kuma injin ne ke riƙe ta maimakon birki. Direban da ke saukowa daga tsaunin Mambila da lodi, ko mai ratsa duwatsun Azbin, ya san illar birkin da ya yi zafi.

Na ƙarshe shi ne maleji. Motar da aka sa wa tayar inci 35 a madadin 31, idan malejinta ya nuna 100, ainihin gudunta ya kusa 113, kuma kilomitocin da take ƙirgawa sun gaza waɗanda ta ci, abin da ke ɓata lissafin juye da na mai. A motocin da ke ɗaukar awon gudu daga bayan giyabos, sauya giyar aksul yakan gyara wannan kuskure. A waɗanda ke ɗauka daga na'urar da ke jikin taya kuwa ba ya gyarawa, sai an saita kwamfutar motar.

Hujjojin masu adawa

Masu adawa suna farawa ne da tunatarwa cewa giya ba ta haifar da ƙarfi. Musaya kawai take yi: abin da aka samu a hawa an biya shi a kwalta. Mota mai tayar inci 31 da aka sa wa 4.88 don neman ƙarfi kawai, injinta zai riƙa juyi kusan 3,290 a gudun kilomita 100 a giya ta huɗu, maimakon 2,760. Ƙarin ya kai kashi 19 cikin ɗari, kuma yana nan a kowace giya, kullum, har ranar da aka sake buɗe aksul. Galibin motocin da ake kira na daji a kan titi suke cinye rayuwarsu. Mai zuwa wani ƙauye a Borno daga Kano sai ya ci ɗaruruwan kilomitoci na kwalta kafin ya taka burji. Abin ya fi tsanani ga injin gas, wanda ba ya son yawan juyi. Injin 1HZ mai lita 4.2 da ke cikin Land Cruiser da yawa yana kai ƙololuwar ƙarfin murɗawarsa a wajen juyi 2,200, kuma a 3,800 ya ba da iyakar abin da yake da shi. Tura irin wannan injin sama da 3,000 awa bayan awa ƙara ne da zafi da shan mai.

Hujja ta biyu kuɗi ne. Mota mai fowil aksul biyu gare ta, kuma tilas lambarsu ta zo ɗaya. Idan gaba na da 4.10 baya na da 4.56, da an sa fowil a ƙasa mai tauri tayoyin gaba da na baya za su shiga ja-in-ja, har wani ƙarfe ya karye a farfela ko akwatin fowil ko aksul. A motocin da fowil ɗinsu ke aiki kullum, irin Prado da Land Cruiser 80 da 100, difarenshal na tsakiya ne zai yi ta aikin da ba a ƙera shi dominsa ba har ya gaji. Saboda haka komai biyu ake saye: giya, boris, silin mai, siraran wosha na saiti, man giya, da ladan aiki. A wasu aksul har gidan da kurawun ke ɗaure a kai sai an canza. A Dana 44, wanda ke ƙarƙashin motocin Amurka da yawa, gidan da ke ɗaukar 3.73 zuwa ƙasa daban yake da mai ɗaukar 3.92 zuwa sama. Sababbin kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala.

Ta uku ita ce ƙwari. Tunda girman kurawun ba zai wuce gidansa ba, hanyar ƙara lamba ita ce rage finiyan. Mai haƙori 7 ya fi mai 10 ƙanƙanta, kuma nauyin da ke kan kowane haƙori ya fi yawa. Bayan haka, ƙarin ƙarfin da aka samu bayan difarenshal yake fitowa, wato a kan sandunan da ke kai juyi ga taya da mahaɗansu. Idan aka haɗa babbar taya da babbar lamba da direba mai nauyin ƙafa, raunin da aka kawar daga kuloci yakan koma kan sandar taya, wadda karyewarta a daji ta fi ƙonewar kuloci muni.

Hujjar da suka fi ƙarfafawa ita ce yawancin kafewar mota ba daga giya take ba. Difarenshal na yau da kullum yana raba ƙarfi daidai tsakanin tayoyi biyu, kuma ba ya ba mai riƙo fiye da abin da marar riƙo ta iya ɗauka. Idan taya ɗaya ta faɗa taɓo ko ta rataye a sama, ita za ta yi ta juyawa, ɗayar na tsaye. Ko lamba nawa aka sa, hakan ba zai canza ba. Maganinsa makullin difarenshal ne, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, kamar mai aiki da iska na kamfanin ARB na Ostareliya, ko Detroit Locker mai kulle kansa. A rairayi kuwa yawan ƙarfi na iya zama illa, domin taya haƙa take yi ta binne kanta. Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma sun dogara ne da rage iskar taya don ta baje a kan yashi, da riƙe gudu ba tare da tsayawa a wuri mai laushi ba, da shebur da faifan ƙarfe na fitar da mota. Rage iska ba ya cin ko sisi.

Akwai kuma batun nisa da gari. Motar da ke kan lambar kamfani, idan aksul ɗinta ya fashe a wani lungu, ana iya samun irinsa a jikin wata da ta mutu. Mai 4.88 ko 5.29 sai dai ta jira saƙo daga birni, ko a sa mata abin da aka samu a cire farfela ɗaya, ta dawo gida ba fowil. Ga motar asibiti ko ta haya ko ta aikin rigakafi a karkara, samun kayan gyara a ko'ina ya fi ƙarin ƙarfi a hawa daraja.

Daga nan sai su kawo wasu hanyoyin. Mai neman tafiyar sannu yana iya canza ƙaramar giyar fowil maimakon ta aksul. A Amurka ana sayar da mai lamba 4.7 don tsohuwar Hilux, wadda ke kai jimlar daga 37 zuwa 76 ba tare da ta taɓa gudun kwalta ba. Mai neman tsayi yana iya tsayawa a inci 33, inda asarar ƙarfi take kimanin kashi 6 cikin ɗari kawai. Land Cruiser 70, da ake ƙerawa tun 1984, ta yi suna a hamada da siririyar taya mai lamba 7.50R16, ba da ƙatuwa ba. Sababbin motoci masu giya otomatik takwas ko goma kuma giyarsu ta ɗaya ta riga ta yi ƙarfi ƙwarai, har ba su cika jin ɗan ƙarin taya ba.

Gardamar shan mai

Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, shan mai ya zama abin da mai mota ke fara tambaya. Kowane ɓangare na da'awar gaskiya na wurinsa, kuma kowanne ya riƙe rabinta. Injin da ke juyi fiye da kima yana ɓarnar mai a gogayyar cikinsa. Injin da aka danne ƙasa da inda ƙarfinsa yake shi ma yana ɓarna, domin direba kan danne totur ko ya riƙa saukowa daga giya ta biyar zuwa ta huɗu. Don haka motar da ke da babbar taya da ƙaramin injin tana iya samun sauƙi idan an mayar da juyinta inda ya dace, wadda ke kan tayar kamfani kuwa ƙarin lamba ƙarin sha ne. Abin da giya ba za ta iya mayarwa ba shi ne asarar da tayar kanta ta jawo: nauyinta, da jan ƙasa da take yi, da iskar da doguwar mota ke turewa. Wanda ya sayi giya da niyyar fanshe kuɗinsa daga ragin mai zai daɗe bai fanshe ba.

Sabo ko na Beljiyam

Ko bayan an yanke shawarar sauyawa, sai wata gardamar ta taso a bakin kasuwa. Masu son sabo suna cewa kurawun da finiyan tare ake goge su a masana'anta har haƙoransu su saba da juna, a buga musu lamba ɗaya, kuma ba a raba su. Sabon kaya daga sanannen kamfani yana ba da tabbacin haka, yana kuma ba da lambobin da ba a samu a jikin tsofaffin motoci. Masu son na Beljiyam, wato tsohon kayan da aka cire daga wata mota, suna amsawa da cewa ƙarfen kamfanin da ya ƙera motar, ko da ya yi aiki, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, ga jabu ya cika kasuwa cikin kwali mai kyau.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce yadda aka gina aksul ɗin Toyota. A bayan Hilux da Land Cruiser, difarenshal gaba ɗayansa yana fitowa a dunƙule idan an zare sandunan taya an kwance farfela da notocin da ke kewaye da shi. Wanda ya sayi cikakken ƙullutu a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ya sayi saitin masana'anta tare da shi, kuma makanike na gari zai iya ɗaura shi a yini ɗaya. Illarsa ita ce ba a san tarihinsa ba, ga wahalar samun na gaba da na baya masu lamba ɗaya.

Abin da babu saɓani a kai shi ne binciken da ya wajaba kafin a biya kuɗi. A ƙirga haƙora da hannu, kada a dogara da bakin mai sayarwa ko fentin da aka rubuta a jiki. Don sanin lambar da ke cikin motar kanta ba tare da an buɗe ba, a ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, a bar ɗayar a ƙasa, a juya wadda aka ɗaga sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela. Abin da aka samu shi ne lambar, muddin difarenshal ɗin ba mai kulle ba ne. A duba haƙora ko akwai tsagewa, ko ƙananan ramuka, ko shuɗin da zafi ke bari. A duba tsatsa, alamar ruwa ya taɓa shiga. A tabbatar da yawan tsagin da sandar taya ke shiga. A kuma sani cewa giyar gaba ba lallai ta zama irin ta baya ba: a wasu motoci, kamar Land Cruiser 80, finiyan na gaba a sama yake shiga kuma yankan haƙoransa a juye yake. Araha ba ta ado a wannan ciniki, domin kuskure ɗaya na nufin sake kwance aksul.

Ɗauri da saiti

Masu goyon baya da masu adawa sun haɗu a kan cewa giyar da ta mutu da wuri galibi ɗauri ne ya kashe ta. Tun tsakiyar shekarun 1920, lokacin da Packard ya fara amfani da irin yankan da kamfanin Gleason na Amurka ya ƙirƙiro, finiyan ba ya shiga ta tsakiyar kurawun, yana ɗan kaucewa ne. Wannan ya ƙara ƙwari ya rage ƙara, amma ya sa haƙora na zamewa a kan juna yayin da suke turawa. Shi ya sa ake buƙatar man giya mai lamba GL-5, kuma shi ya sa saiti ba ya yafe kuskure.

Abu huɗu ake daidaitawa: zurfin shigar finiyan, matsin boris ɗinsa, matsin boris ɗin gidan kurawun, da 'yar ratar da ke tsakanin haƙora. A aksul ɗin Toyota mai inci 8 ratar tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18. Ido da yatsa ba sa auna wannan, sai agogon awo. Bayan nan a shafa wa haƙora fenti na musamman a juya, a ga inda suke taɓa juna. Idan tambarin ya karkata gefe ko ya hau baki, a sake kwancewa a canza wosha. Ƙwararre kan kwance ya ɗaura sau da yawa kafin ya gamsu. Giyar da aka ɗaura da ka takan fara kuka, ta yi zafi, ta cinye kanta.

Sabuwar giya kuma tana son lallashi. Masu ƙera ta suna ba da shawarar gajerun tafiye-tafiye da farko ana barin ta ta huce, a guji lodi da jan kaya har kimanin kilomita 800, sannan a juye mai. Motar da ke ratsa rafi da damina tana buƙatar a ƙara wa bututun numfashin aksul tsawo a ɗaga shi sama, domin aksul mai zafi da ya nutse a ruwan sanyi zuƙar ruwa yake yi, mai ya koma fari kamar madara, boris su lalace.

Inda ma'auni ya karkata

Idan aka jera hujjojin nan za a ga kowane ɓangare da irin motar da yake magana a kai. Masu goyon baya sun yi gaskiya game da motar da aka riga aka canza: wadda tayarta ta ƙaru da kashi goma cikin ɗari ko fiye, ko wadda lodi ya zama mata na dindindin, musamman mai ƙaramin injin da giya huɗu ko biyar, kuma mafi yawan aikinta a tudu da dutse yake. Barin irin wannan a kan lambar kamfani zalunci ne ga kuloci da giyabos. Masu adawa kuma sun yi gaskiya game da motar da ke kan tayarta ta asali, ko mai cin dogon titi, ko mai aiki a rairayi da taɓo, ko mai nisa da kayan gyara. Ga wannan, kuɗin giya ya fi amfani a taya mai kyau, da famfon iska, da makullin difarenshal.

Ko a inda lissafi ya goyi bayan sauyawa, sharaɗi uku ne ke tabbatar da shi. A tsayar da girman taya tukuna, domin daga gare ta ake fitar da lamba, kuma a zaɓi lambar da ta fi kusa da abin da lissafi ya bayar, ba mafi girma da aka gani a kasuwa ba. A yi gaba da baya a lokaci ɗaya, kuma idan akwai niyyar sa makulli a sa shi a wannan buɗewar, don kada a biya ladan saiti sau biyu. A kuma tabbatar akwai makanike mai agogon awo da fentin duba haƙora, wanda ya taɓa yin aikin. Inda babu shi, cikakken ƙullutu mai saitin masana'anta ya fi aminci. Inda shi ma bai samu da lamba ɗaya gaba da baya ba, mafi alheri shi ne a rage girman taya a bar aksul a rufe.